Kindirmon Inna Sahura

Aikin sola ne ya fara kai Haris gidan Malam Usmanu a Gummi. Fitilun makarantar Malam sun mutu kwana tara, aka ce masa akwai wani saurayi a Bukkuyum da hannunsa ke jin wannan aiki, shi ne aka kira shi.

Karima, autar Malam, tana tsakar gida tana tankaɗe aka ce mata su kimtsa, mai gyara zai hau rufi. Ta ja gyale ta koma bakin ɗaki tana satar kallo. Saurayi ne dogo, siriri, fuskarsa ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba, amma yana hawa tsani kamar ɗan saba'in. Ya taka ɗaya ya huta, ya sosa damtse, ya taka na biyu.

Bakin Karima dama ba ya ajiya. Ta ce, "Malam mai gyara, tsanin namu ba ya cizo fa."

Ya leƙo ƙasa, suka haɗa ido. Ya ce, "Ni ba tsani nake tsoro ba, masu kallo nake tsoro."

Ta sunkuyar da kai tana danne dariya, rariya ta suɓuce mata a hannu.

To, sai kun san Inna Sahura, mahaifiyar Karima, kafin ku gane sauran zancen. Bafulatana ce, har yau 'yan'uwanta na aiko mata da madara daga ruga kowace safiya, kuma kindirmonta duk unguwar an san shi. Ita ba ta iya cewa tana son mutum da baki ba. In ta yarda da kai, ƙwarya za ta miƙo maka. Ranar ma ta dama fura da kindirmo, ta ba Karima ta kai wa baƙo zaure. Ya yi godiya har da russunawa. Bayan ya tafi aka ɗauko ƙwarya a cike, ludayin ma a bushe.

Wayar Malam a hannun Karima take zama, don shi ba ya son latse-latse. Washegari ta rubuta wa mai gyaran:

"Fitila ta kama, Malam na godiya. Amma Inna ta ce a tambaye ka laifin furarta."

Amsa ta zo: "Fura ba ta da laifi. Wadda ta kawo ta ce ta sa na manta da yunwa."

"Allah ya shirye ka, Mai Sola."

"Amin, 'Yar Malam. Addu'arku ai ba ta faɗuwa ƙasa."

Daga nan fa waya ta daina hutawa. Bai yi wasa ba, wata guda ya turo kawunsa Jatau, wanda ya riƙe shi tun yana yaro, ya nema masa izinin zance. Malam ya bincika, aka ce yaron asalinsa ɗan Dareta ne ta ƙasar Anka, maraya ne, ba shi da abokin faɗa. Aka ba shi Asabar bayan azahar, saboda hanyar Bukkuyum ba a binta in rana ta faɗi.

Asabar uku yana zuwa, Asabar uku ƙwarya na komawa ciki yadda ta fito. A ta ukun Inna ta buɗe faifai, ta duba, ta rufe a hankali. Karima ta san wannan rufewar.

Inna ta ce, "Zo nan. Wanga yaro mi yake nufi da ni?"

"Inna, ƙila kunya ce."

"Kunya ana kurɓa sau biyu a aje. Wanda bai ko ɗaga ludayi ba, ɗayan biyu ne. Ko ƙyamata yake yi, ko yana zaton na sa mishi wani abu. Ni Sahura, sammu! Diba Lukman, in ya zo har gindin ƙwarya yake kankarewa."

Lukman ɗan yayan Inna ne, mai fataucin shanu, ƙaƙƙarfa kamar bijimi. Ya daɗe yana son Karima, Inna kuma ta daɗe tana son ya so ta.

"Ki gaya mishi," in ji Inna, "wanda bai ci abin hannuna ba, ba ya ɗaukar abin cikina."

Karima ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Mai Sola, Inna ta yi fushi na gaske. In ƙwarya ta sake dawowa a cike, tamu ta ƙare. Don Allah ka sha, ko don ni."

Ya gani, bai amsa ba. La'asar ta yi, ta wuce. Sai da hantsi ya dubi ludayi washegari saƙo ya shigo, kalma biyu tak: "Zan sha."

Ya kuwa sha. Karima na zaune tana kallonsa yana haɗiya kamar mai shan maɗaci, amma ya shanye tas. Inna ta ga ƙwarya fayau, ta yi murmushin da Karima ta daɗe ba ta gani ba. Asabar ta gaba ta ƙara masa da jarkar kindirmo ya tafi da ita gida, da ƙullin gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta kan tambaya ta bakin Karima ko ya shanye, shi kuwa ba ya ƙarya, sai ya shanye ɗin.

Wata huɗu ana haka. Inna ta fara kiransa "ɗan Bukkuyum", har ta ce wa Malam in mutanen sun shirya su zo a sa rana. Amma Karima tana ganin abin da ke hana ta barci. Haris ya fara ɗingishi. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Susar nan ta ƙaru har damtsensa duk sawun farce.

"Mai Sola, lafiyarka kuwa?"

"Gajiya ce, Karimata. Hawa rufi ba wasa ba."

Ta faɗa wa Inna. Inna ta ce, "Sanyin ƙashi ne. Maganinsa nono. A ƙara mishi jarka guda."

Ranar wata Laraba da hantsi wayar Malam ta yi ƙara a hannun Karima. Kawu Jatau ne. Ya ce Haris ya zame daga tsani, ƙafa ta karye. Ta ce daga rufi? Ya ce ina, daga mataki na biyu, faɗuwar da ko akuya ba za ta yi ɗingishi ba. Ya ce sun wuce da shi asibiti a Anka.

"Anka kuma? Ga masu ɗori a Bukkuyum, ga asibiti kusa?"

Kawu ya sassauta murya. Ya ce, "Can katinsa yake."

Kati. Karima ta maimaita kalmar a ranta har aka gama sallar azahar. Mutum mai lafiya me ya haɗa shi da kati?

Washegari da sassafe suka kama hanya, Malam a gaba yana jan carbi, Karima da Inna a baya. Inna ta rungume ƙwaryar kindirmo a cinya, ta ɗaure ta da zane don kada gargada ta zubar.

Suka same shi kwance, ƙafa cikin farin siminti. Yana ganinsu ya yunƙura zai gaida Malam, ciwo ya mayar da shi. Inna ta kwance ƙwarya ta ce, "Karima, ba shi ya sha tun da sanyinsa. Karaya ba ta da magani irin wanga."

"Mama, dakata."

Wata likita ce ta shigo, 'yar gajeruwa mai tabarau, Naja'atu sunanta. Ta dubi ƙwarya, ta dubi Haris, ta daɗe tana dubansa.

"Ashe nan ne zancen yake. Haris, za ka faɗa musu, ko ka yarda in faɗa?"

Ya juya fuska ga bango. "Faɗa musu, likita. Bakina ba zai iya ba."

Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce ƙodarsa ce ta yi rauni, shekara uku ke nan suna duba shi. Suna kyautata zaton gubar dalma ce ta Dareta, wadda ya shaƙa yana yaro lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ta yi ta cin ƙodar a ɓoye.

Malam ya ce, "To ƙoda ina, ƙashin ƙafa ina?"

"Tambayar ke nan, Malam. Akwai wani sinadari a cikin abinci, fosfet ake ce masa. Ƙoda mai lafiya tana tace rararsa ta fitar a fitsari. Tasa ba ta iyawa, sai ya taru a jini, shi ne wannan ƙaiƙayin. Kuma ƙoda ce ke nunar da bitamin D, wanda ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, abin da ke gina ƙashi. Tasa ta gaza nan ma, sai kalsiyam ɗin jini ya yi ƙasa." Ta taɓa maƙogwaronta. "A nan wuya akwai wasu 'yan ƙululu huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu gadin kalsiyam. In suka ga ya yi ƙasa, fosfet ya yi sama, sai su ruɗe, su yi ta aike ana ɗebo shi daga ƙashi. Kamar mai yagar ƙasar bangon ɗaki yana liƙe tsakar gida. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har bango ya zama ɓawon ƙwai."

Inna ta ce, "Ai shi ya sa nike ba shi nono! Kowa ya san nono ke gina ƙashi."

"Ga mai lafiyar ƙoda, gaskiyarki, Mama. Amma nono cike yake da fosfet ɗin nan. Haka gyaɗa, haka ƙuli-ƙuli, haka baƙin lemon kwalba. Mun hana shi su. Mun ba shi ƙwayar da ake sha a tsakiyar cin abinci, ta kama fosfet tun a ciki kafin ya shiga jini, da bitamin D irin wanda aka riga aka nunar. Jininsa ya yi kyau har watannin baya. Sai ya ɓace mana, wata huɗu bai zo awo ba."

Haris ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na san in na zo za ki gane. Kuma ina zan fito da magani a zauren surukai?"

Inna ta dubi hannuwanta biyu. Ta aje ƙwarya a ƙasa, ta fita. Malam ya yi wa mara lafiya addu'a gajeruwa, ya bi ta.

Karima ta tsaya a kansa, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ni ce na ce ka sha."

"Ba ki sani ba."

"Wa ya hana ni sani? Ka bar ni ina ɗauko maka guba da hannuna kowace Asabar, ina murna! Da ka bari sai an ɗaura, sannan in ji?"

"Tsoro na ji, Karima. Gida biyu na taɓa faɗa, gida biyu aka rufe mini ƙofa."

"Sai ka yanke mini hukunci da laifin wasu."

Ta juya ta fita.

A gida Inna ta ce magana ta mutu. Ba za ta ba da ɗiyarta ta je jinya ba, balle ga wanda ya ɓoye. Malam bai musa mata ba. Ya ce ciwo ba laifi ba ne, Allah ke sa shi, amma ɓoye shi ga wadda za ka aura laifi ne. Kafin mako ya zagayo, iyayen Lukman sun zo gaisuwa, irin gaisuwar da kowa ya san abin da ke bayanta. Lukman da kansa ya tare Karima a zaure.

"Ƙanwata, ni ba na yi mishi dariya. Amma aure ba asibiti ba ne. Mutumin da tsani mai taki biyu ya kayar, ya zai ɗauki gida?"

"Yaya Lukman, ka gaida mutanen gida," ta ce, ta wuce ciki.

Saƙonnin Haris suna shigowa, ba ta buɗewa. A rana ta biyar ta buɗe na ƙarshe.

"'Yar Malam, ba na roƙon ki dawo. Ina roƙon ki yafe. Shekarar da gubar ta ɓarke ina da shekara goma. Ƙannena biyu suka tafi a sati ɗaya, ni ban ko kwanta ba, aka ce na tsira. Tun da aka gano ciwon nan nake jin kamar aro aka ba ni. Da na gan ki sai na so in zama kamar kowa, ko na wata huɗu ne. Na yi kuskure. In Lukman aka ba ki, ba zan ga laifin kowa ba."

Ta karanta sau uku. Ta rubuta:

"Ban yafe ba tukuna. Ka sha maganinka a tsakiyar abinci, ba bayan ka gama ba. Kuma daga yau duk takardar awon jininka ni za a fara turo wa."

Sannan ta tashi ta sami Inna a madafi tana burga nono. Ta durƙusa.

"Inna, ban taɓa ƙetare maganarki ba, yanzu ma ba zan ƙetare ba. In kin ce Lukman, zan je. Amma ki sani zuciyata tana Anka."

Inna ba ta ɗago ba. Maburgi na ta juyawa.

"Ke yarinya ce. Mutuwa kike so in kai ki ki zauna da ita?"

"Waɗanda aka kashe a hanyar kasuwa bara, Inna, ƙodarsu lafiya lau."

Maburgi ya tsaya. Da Inna ta yi magana, muryar ba tata ba ce.

"Wata huɗu ina karya ɗan mutane ina jin daɗi. Da wane ido zan dube shi? Ni abin da na iya ke nan, Karima. Surukin da in na ba shi abin hannuna zai cutu, mi zan zama a wurinsa?"

Karima ta matso kusa. Ta dafa gwiwar uwarta.

Kwana biyu bayan haka aka wayi gari ba Inna a gida. Malam ya ce ta nemi izini, ta tafi Anka. Matar da ko kasuwar Gummi ba ta zuwa ita kaɗai! Karima ta wuni tana leƙen ƙofa, duk mashin da ya wuce sai ta miƙe ta duba. Sai gab da la'asar Inna ta shigo, ƙafa duk ƙura, ta zauna ta sha ruwa.

"Na je na tsare likitar nan. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, zai rayu? Ta ce rai na Allah ne. Ta ce ƙodar ba za ta koma sabuwa ba, wata rana ma ƙila sai an riƙa wanke mishi jini da inji. Amma ƙashin ana iya tsare shi in ya kiyaye baki, ya sha magani, ya je awo. In 'yan ƙululun sun ƙi lafawa akwai wani maganin, in ya ƙi a yi aiki a rage su. Ba ta yi mini zaƙin baki ba, shi ya sa na yarda da ita." Ta kwance bakin zane ta fito da takarda. "Wanga kuma abin da zai ci ne da wanda ba zai ci ba. Karanta mini. A hankali."

Karima ta karanta. Inna na ƙirgawa da yatsu, tana tsaki duk inda aka ambaci abin da ta fi iyawa.

"Kada ki yi murna," in ji ta. "Saura sharaɗina."

Sai da aka cire simintin, bayan wata biyu, aka aika wa Haris ya zo. Ya iso da sanda, Kawu Jatau na biye. Maimakon zaure, aka ce su shigo tsakar gida. Ga Malam a kan buzu, ga Inna a kan tabarma, ga kwano a rufe a gabanta. Karima na bayan labule tana leƙe.

Inna ta tura kwanon. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa, da ɗan nama wanda ta tafasa ta zubar da ruwan farko yadda likita ta ce.

"Ci."

Haris ya dubi Kawu. Kun san dai a ƙasar nan saurayi ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tauna loma a gaban uwar matarsa. Kawu ya ce, "Haba Inna, a kai mishi zaure mana."

"Zauren ne ya karya shi. Nan zai ci, ina kallo. Ina maganin?"

Gumi ya keto wa Haris. "Yana aljihu, Inna."

"Fito da shi ka aje inda kowa zai gani. Kunyar da ta sa ka sha abin da zai kashe ka, yau za ka bar ta a gidan nan. In ba ka iya shan magani a gabana, gobe ciwo zai tashi ka ɓoye wa ɗiyata. Ka zaɓa."

Karima ta damƙe labule har yatsunta suka yi zafi. Ta ga hannunsa ya shiga aljihu, ya tsaya, ya fito da 'yar roba fara ya aje a kan tabarma. Ya wanke hannu. Ya yi bismilla, ya kai loma ta farko kansa a ƙasa, ta biyu, ta uku. Ya ɓalle murfi, ya sha ƙwayar, ya ci gaba da ci.

"Gishiri ya yi kaɗan ko?" in ji Inna.

"Ya yi daidai, Inna."

"Ƙarya kake, ba gishiri a ciki, likita ta ce a rage. Ka fara ke nan?"

Malam ne ya fara fashewa da dariya, Kawu ya kama. Haris ya ɗago ido jajur ya ce, "Gaskiya lami ne, Inna."

"Yawwa. Haka nike so." Ta juya ga Malam tana goge ido da bakin mayafi. "A ba shi Karima."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Usmanu. Mutanen Dareta suka zo mota guda, na Bukkuyum biyu. Lukman ma ya zo, ya ba ango hannu, ko da yake bai tsaya cin abinci ba. Awon jinin da aka yi kafin biki ya nuna fosfet ya sauka, 'yan ƙululun sun fara lafawa, amma likita ta ce kada kowa ya saki jiki, tafiya ce mai tsawo.

Da za a fita da amarya, Karima ta durƙusa gaban iyayenta tana kuka. Malam ya dafa kanta ya ce, "Kin shiga da idonki a buɗe, Allah ba zai bar ki ke kaɗai ba. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri, ya sa ku tsufa tare."

Inna ta riƙe ta ta ƙi saki, har sai da mata suka fara cewa rana na yi, hanya ba ta jira. Sannan ta raɗa mata a kunne, "Ranar da duk abin ya yi miki nauyi, kada ki yi mini irin ta mijinki. Ki kira ni."

"Zan kira, Inna."

"To tashi, je ki. Allah ya yi muku albarka."

Aka amsa da amin tun daga tsakar gida har bakin mota.